Haƙƙin Maƙwabci: Abin Lura Daga Garin Ludza

Ya ku malamai da fatake, ga labari abin lura.

A gabashin ƙasar Latbiya, kusa da iyakar Rasha, akwai wani ɗan gari ana ce da shi Ludza. A ƙidayar shekarar 1897 Yahudawa sun fi rabin mutanensa, galibinsu 'yan kasuwa da masu sana'a. Wajen shekarar 1800 suka gina ɗakin ibadarsu da katako. Suna da malamai gadon gado, har da zuriyar da ake kira Don Yahaya.

A 1941 sojojin Hitila suka ci garin, aka tsare Yahudawa a unguwa guda. Cikin watan Agusta aka kai kamar mutum 800 bakin tafkin Tsirma, aka harbe su. Abin tsoro, cikin masu wannan ta'asa har da 'yan ƙasar da suka ba Jamusawa hannu.

A 2016 aka gyara ɗakin ibadar, ya zama gidan tarihi. Katako ya gyaru, amma masu karatu a ciki ba su komo ba.

To, jama'a, zalunci zalunci ne, ko a kan wa ya faɗa. Shari'a ta ba maƙwabci haƙƙi, ko da addininsa dabam ne. Wanda ya taimaka aka hallaka maƙwabcinsa don ya gaji rumfarsa, ya sayar da lahirarsa da araha. Allah Ya tsare mu da zama mataimakan azzalumai.