Alhaji, Jidda ba kasuwa kaɗai ba ce

Duk wanda ya dawo daga Umra ko Hajji, in ka tambaye shi me ya gani a Jidda, amsa ɗaya ce: filin jirgi, sai kasuwa, sai rigimar kilo wajen auna kaya. Ni ma haka na yi a tafiyata ta farko. Na sayo jallabiya da turare da dabino, na dawo ban san garin da na taka ba. A ta biyu ce jirginmu ya yi latti da kwana guda, wani direban taksi ya ce in zo ya kai ni Balad. Tun ranar nake ganin muna cutar kanmu.

Balad ita ce tsohuwar unguwar Jidda. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekara ta 647, aka mai da garin tashar jiragen ruwa ta Makka, wadda ke nesa da shi da kusan kilomita 80. Maniyyata daga ko'ina sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna sauka a nan. Har da kakanninmu da suka ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, suka ƙetare Bahar Maliya cikin kwale-kwale. A 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya.

Gidajen ne suka tsayar da ni. Bene hawa huɗu, hawa biyar, kuma ba da suminti aka yi su ba. Dutsen murjani ne da aka ciro daga gaɓar teku, aka jera shi, ana sa katako a tsakani don ya riƙe nauyi. Tagoginsu na itace ne masu ƙananan ƙofofi, suna ce musu rawashin. Iska ta shiga, rana ta tsaya waje, matar gida ta ga titi ba a gan ta ba. Mutanen da ba su da kuran balle na'urar sanyaya ɗaki sun san yadda za su zauna lafiya da zafin garinsu. Je ka ga gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Akwai tsohon dogon yaro a ƙofarsa, irin wanda ke ƙofar gidan kowa a Maraɗi.

Daga nan sai bakin teku. Mu ƴan ƙasar da ba ta da teku, yawancinmu kifin da muka sani bai wuce tarwaɗa da karfasa ba. Bahar Maliya tana da kifi sama da iri 1,000. Babu wani kogi mai gudana duk shekara da ke zuba laka a cikinta, shi ya sa ruwan yake garau. Murjanin da aka gina Balad da shi kuwa halitta ce mai rai: ƙananan dabbobi ne ke tara ƙashinsu a hankali har ya zama dutse. Ba sai ka iya ninƙaya ba, akwai gidan kallon kifi na Fakieh a bakin ruwan. Na tsaya gaban gilashi ina kallon kifi ja da shuɗi da rawaya, wallahi tasbihi ne ya fito mini da kansa.

Na san abin da wasu za su ce: ibada ta kai mu, ba yawon buɗe ido ba. Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya bar Harami don kallon kifi ba. Amma wanda ya samu wuni guda cur na ciniki a kasuwa, bai rasa awa uku ba. Wasu su ce tsada. Yawo cikin lungunan Balad da ƙafa kake yin sa, kuɗin taksi bai kai na akwatin da ake ƙara sayowa ba. Masu agence na tafiye-tafiye, ku ma da hakkinku: ku sa wannan ziyara cikin tsarin tafiya, ku nemo mai jin Hausa ya yi wa mutane bayani.

Ga abin da ya fi damuna. Ina cikin Balad, Birnin Damagaram ne ke faɗo mini a rai, da gidajensa na ƙasa masu zane da zanko. Can ana gyara tsofaffin gidaje, ana koya wa matasa aikin. Nan kuwa a daminar 2024 ruwa ya rusa tsohon masallacin Birni muna kallo, kuma wanda ya samu kuɗi sai ya rushe gidan kakansa ya dasa bulo da kwano, ya kwana yana zufa. Agadas ta shiga jerin UNESCO tun 2013 da ginin laka. Ashe namu ma abin zuwa gani ne.

Alhaji, Hajiya, in Allah ya kai ku bana, ku rage kilo biyu na tsaraba ku je Balad. In kun dawo, ku sake duban katangar gidanku kafin ku kira mai diga. Allah ya karɓi ibada, ya dawo da ku lafiya.