Ganye Da Ƙwaya A Sha'anin Ciwon Sukari

 Tsadar maganin asibiti ta sa masu ciwon sukari da yawa sun koma ga hulba da shuwaka da zogale da garahuni. Masu tallar jiƙo a kasuwa kuwa hujjarsu guda ce, wai Turawa ma daga itace suka samo nasu. Zancen gaskiya ne, amma rabinsa suke faɗi.

Malamai sun san Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta wannan cuta cikin Alƙanun, ya ambaci zaƙin fitsarin mai ita, ya kuma sa hulba cikin haɗin da ya rubuta. Ashe neman magani a tsiro ba baƙon abu ba ne.

To, a dubi metformin, ƙwayar da likitoci suka fi farawa da ita ga manya. Asalinta wata ciyawa ce ta ƙasar Turai, sunanta galega, wadda in tumaki suka ci da yawa takan kashe su. Abin da ke cikinta yana rage sukarin jini, amma da dafi. Irinsa na farko da aka haɗa a Jamus, Synthalin, tilas aka bar shi don yana ɓata hanta. An haɗa metformin a birnin Dublin a 1922, ya zauna shekara 35 ba a kula shi sosai ba, sai a 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi ga majinyata, ya gano gwargwadon da zai amfana ba cuta. Amurka ma sai 1995 aka fara sayar da shi. Haka labarin ɓawon itacen tuffa yake: an fitar da sinadarinsa a 1835, ƙwayar da aka ƙera bisa gare shi, dapagliflozin, ba ta sami izni a Turai ba sai 2012.

Abin da ya raba jiƙo da ƙwaya shi ne awo. Ɗan kasuwa ba ya karɓar gero ba mudu, amma ganyen damina da na rani ƙarfinsu ba ɗaya ba, mai tafasawa kuwa da ido yake zubawa. An gwada hulba ga mutane, an ga tana ɗan sauke sukari, ba a ga ta raba kowa da cutar ba. Lambar NAFDAC a kwalbar gargajiya shaida ce cewa an duba ba ta da illa bayyananna, ba shaidar warkarwa ba ce.

Wanda ya haɗa jiƙo da ƙwaya bai gaya wa likita ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Yaron da jikinsa ba ya yin insulin kuwa, in aka tsayar masa da allura saboda ganye, kwanaki kaɗan sun isa ya halaka.