Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar SUBEB ta Jihar Sakkwato: A Riƙa Karanta Abin da Yaranmu Suka Rubuta

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jihar Sakkwato, da Sakatarorin Ilimi na ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo.

Na rubuto ne a kan abin da malami yake yi da littafin yaro bayan yaron ya yi rubutu ya miƙa masa. Tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan a ƙarshen 2015, ana ta maganar gina azuzuwa da sayen kujeru da dawo da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk sun cancanci a yi su. Amma yaron da ya zo ya zauna a kan kujerar, ya riƙe biro ya yi rubutu, wa yake karanta masa?

Ku sa a kawo muku littattafan ’yan aji biyar ko shida daga firamarorin yankin nan, ku buɗe da hannunku. Galibin shafukan kwafe ne daga baƙin allo. Inda aka dace da insha’i kuwa, za ku tarar jan biro ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi, an sa maki huɗu bisa goma, an rubuta kalma ɗaya ta Turanci, sai sa hannu da kwanan wata. Yaro ya karɓa ya dubi makin, ya leƙa na abokin zamansa, ya rufe. Ba a gaya masa me ya yi daidai ba, balle me zai gyara. Kuskuren da ya yi a zango na ɗaya yana nan daram a zango na uku, kuma da shi zai shiga ƙaramar sakandare.

Ba na ɗora wa malamai laifi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma kun fi ni sanin yawan azuzuwan da suka ninka haka. A ce malama tana da yara 80. In ta ba kowane littafi minti uku kacal, awa huɗu ke nan, ban da shirya darasin gobe da hidimar gida. Sannan in jami’in duba makarantu ya zo, abin da ya saba nema shi ne rajista da takardar shirin darasi da shafukan da aka sa wa hannu. Abin da ake ƙirgawa shi malami zai yi. In sa hannu ake nema, sa hannu za a samu, ko da ba a karanta layi ɗaya ba.

Ɓarnar ba ta fitowa fili sai a ƙarshen sakandare. A jarrabawar Turanci ta WAEC ana neman ɗalibi ya rubuta kalmomi kusan 450, kuma masu dubawa suna auna abin da ya faɗa, da yadda ya tsara shi, da ingancin jimlolinsa, da ƙa’idojin rubutu. Yaron da ba a taɓa zama an nuna masa yadda ake gyara sakin layi guda ba, ta yaya zai iya wannan cikin ƙasa da awa ɗaya? Sai a ce yaran ƙauye ba su da ƙwaƙwalwa, alhali icce tun yana ɗanye ba a tanƙwara shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mafitar tana ƙofar gidanmu. A tsangayun ƙasar Hausa, in gardi ya rubuta allonsa yakan kai shi darasu. Ya zauna gaban alaramma ana bin rubutun ana karantawa, inda ya tsallake harafi ko ya sa wasali ba a muhallinsa ba a tsayar da shi nan take, ya goge da yatsa, ya tsoma alƙalami a tawada ya gyara da hannunsa. Ko ƙolo ba ya wanke allo a yi masa ƙari sai ya iya abin da ke kai. Babu maki a wannan tsari ko kaɗan, amma babu kuskuren da ke kwana. Haka ma littattafan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bari, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma kabarinsa yake can, sun iso gare mu ne ta hannun masu kwafa da suke gwada kwafi da asali, suna rubuta gyara a gefen takarda. Ƙasar da ta gaji wannan bai kamata makarantun bokonta su tsaya ga sa maki ba.

Masana na waje ma nan suka faɗo. A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta raba ’yan aji biyar da shida kashi uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu bayani kawai, wasu kuma maki tare da bayani. Waɗanda suka sami bayani kawai su ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa wa biyun kusan ba su bambanta da masu maki zalla ba, domin ido yana sauka a kan lamba ne ya manta da sauran.

Ga irin bayanin da nake nufi. A ce wata yarinya a Goronyo ta rubuta layi goma da Hausa a kan yadda mahaifinta yake adana albasa a rudu bayan an cire ta daga fadama. Malama ta karanta, ta rubuta mata a ƙasa: “Na gane yadda ake jera albasar. Amma ba ki gaya mini abin da ake yi in ta fara ruɓewa ba. Ki tambayi Baba, ki ƙara layi uku. Ki kuma duba inda kika rubuta ‘zamu’, a rabe ake rubuta shi: za mu.” Shi ke nan. Ta nuna mata an karanta, ta ba ta tambaya ɗaya da gyara ɗaya, ta bar sauran kurakuran zuwa wani karo. Gobe yarinyar ta dawo da sabon rubutu a shafin da ke kallon na jiya, kuma ita da kanta za ta ga bambancin. In aka cika mata shafi da jan biro, ba za ta san ta ina za ta fara ba.

Don haka roƙona na farko, kuma shi ne babba: ku canza tambayar da jami’anku suke yi in sun shiga aji. Su ɗauki littattafai biyar da ka, su nemi inda malami ya yi bayani, su ga ko yaro ya sake rubutawa bayan bayanin. In akwai rubutu na biyu, aiki ya yi. Ku kuma fito fili ku sauke wa malamai nauyin sa wa kowane shafi hannu. Mai yara 80 ta raba su gida huɗu, kowane mako ta karanta littattafai 20 a tsanake, sauran ta ɗauko kurakuran da suka fi yawa ta gyara su a baƙin allo tare da aji duka. Ta haka kowane yaro zai sami bayani nasa na kansa sau ɗaya a wata. A jadawali kuma a ware darasi ɗaya a mako na gyaran rubutu, kada a bar shi ga aikin gida, domin yaro da yawa in ya tashi makaranta fadama ko kiwo ko talla ke jiransa.

Littattafan Mu Karanta da shirin NEI Plus ya kawo Sakkwato da Bauchi sun nuna ana iya koyar da karatu da Hausa daga aji ɗaya zuwa uku bisa tsari. A ɗora a kai: yara su riƙa rubuta nasu tunanin da Hausa, a kan shinkafar Wurno da ranar kasuwa da madatsar ruwan Goronyo, kafin a nemi su yi da Turanci. Wanda ya iya jera magana da harshensa, rabin aikin ya ƙare. Sai batun horar da malamai. Sardauna, ɗan Rabah, malamin aji ne a Midil ta Sakkwato daga 1931 kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Ku haɗa kai da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari domin masu bin sawunsa a wannan sana’a su koyi duba rubutu da ainihin littattafan yara a hannunsu, su ma malaman da ke bakin aiki a ba su irin wannan bita.

Sai ’ya’yan ’yan gudun hijira. Tun harin Tabanni na 2018 da ya kora mutane zuwa Gandi, ƙauyukan yankin nan ba su daina watsewa ba, kuma yara suna shigowa aji a tsakiyar zango bayan sun yi watanni ba karatu. Irin wannan yaro in aka tarbe shi da sifiri a rubutunsa na farko, da wuya ya dawo. A umarci hedimastoci kada a sa masa maki a zangonsa na farko, bayani kawai, kuma kada a tilasta masa rubuta abin da ya gani a garinsu. Da yawansu littafi ɗaya suke cusa kowane darasi a ciki, wasu ma babu. Cikin kuɗin kayan koyarwa, a ware wa kowane yaro littafi guda na insha’i da za a riƙa ajiyewa a makaranta, ya bi shi daga aji huɗu har ya gama aji shida.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare daga gabashin Sakkwato.