Folik asid ba maganin hawan jini ba ne, ku daina kashe mana tsofaffi

1/ Raina a ɓace yake. Kawuna a Sabon Birni ya ajiye maganin hawan jininsa wata huɗu saboda wani odiyon WhatsApp ya ce folik asid na "wanke jijiyoyi". Yau ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ku karanta har ƙarshe.

2/ Ƙaryar tana da ɗan tushe, shi ya sa take cin mutane. Akwai wani sinadari a jini, homosistin. Masu yawansa sun fi samun ciwon zuciya da shanyewar jiki. Kuma gaskiya ne folik asid na rage shi, kusan kashi 25 cikin 100.

3/ Amma rage lamba a takardar gwaji daban, tsira daban. Manyan bincike biyu da aka wallafa a 2006, HOPE-2 da NORVIT, sun ba dubban marasa lafiya folik asid da bitamin B. Homosistin ya sauka, bugun zuciya bai ragu ba.

4/ Za ku ce "ai a Sin ya yi aiki". Na'am. A binciken da aka wallafa a 2015 an gwada masu hawan jini sama da 20,000, shanyewar jiki ta ragu da kusan kashi 21. Amma TARE da maganin hawan jini, enalapril, suka sha shi. Ba wanda aka ce ya jefar da maganinsa.

5/ Abin da ya fi ƙona min rai: masu buƙatarsa da gaske ba su samu kan kari. Lakar jariri na rufewa cikin kwana 28 na farkon ciki, tun mace ba ta tabbatar ta ɗauka ba. Shi ya sa ake so ta fara shan maikirogiram 400 kullum tun kafin cikin.

6/ To a ƙauyukan Isa da Sabon Birni, inda tsoron 'yan bindiga ke hana mutane hanya, yaushe mace za ta kai awo? Sai ciki ya tsufa.

7/ Wani abu kuma: ƙwayar miligiram 5 da ke kemis ta ninka waccan fiye da sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada mai ciki ta haɗa ta da Fansidar na rigakafin maleriya, don tana rage masa ƙarfi. Yawan folik asid kuma na iya ɓoye ƙarancin B12 har jijiya ta lalace.

8/ Masu sikila da likita ya rubuta wa, ku ci gaba da sha, ba da ku nake ba.

9/ Mu masu data mu ne ke tura wa iyayenmu irin wanga odiyo. Kafin ka danna turawa, tambayi ma'aikacin lafiya. In ka je gida hutu, kai baba a auna jininsa, ka duba ko yana shan maganinsa. A ci wake da alayyahu da gyaɗa. Allah ya ba kawu lafiya.