Koken Makiyaya Da Fataken Kwarin Komadugu Kan Tashar Nguru Da Maƙetarar Dabbobi A Layin Dogo

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Diffa,
ta hannun hukumomin N'Guelbeli da na gundumar Maine Sorowa.
Kwafi zuwa ga Ministan Sufuri a Yamai, da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya.



Ranka ya daɗe, mu ne makiyayan N'Guelbeli da rugagen kewayenta, tare da 'yan'uwanmu manoman tattasai na bakin Komadugu da fataken da ke sayen kayanmu a kasuwannin Maine, N'Guelkolo da Diffa. Wataƙila za a yi mamakin ganin takarda kan jirgin ƙasa ta fito daga yankin da ba a taɓa shimfiɗa ko taku ɗaya na dogo ba. Dalilin kukan namu ke nan. Shekaru da dama arzikin wannan yanki yana fita ta wata tasha da ke tsallaken iyaka. Tashar ta durƙushe, ba wanda ya tambayi halin da muka shiga, kuma yau da ake sake zana taswirar dogo tsakanin Nijar da Najeriya, ba mu ga sunan gabas a cikinta ba.

Tashar da muke nufi ita ce ta Nguru, a jihar Yobe ta yanzu. Jirgi ya iso Kano a 1911. Daga nan aka ja reshe ya bi kwarin kogin Haɗeja, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930. Turawan Ingila sun ja shi ne don gyaɗa da fatu, ba don mu ba, amma kakanninmu sun ci moriyarsa fiye da yadda masu zanen suka zata. Ƙasar Manga ƙasar gishiri ce tun kafin zuwan Bature. Manda da kanwar da ake haƙa a kwaruruwan da ke tsakanin Maine, Gudumariya da Gure, a da sai raƙumi da takarkari su yi makonni da su kafin su kai Kano. Da dogo ya zo Nguru, tafiyar ta ragu zuwa 'yan kwanaki a ƙasa, sauran jirgi ya ƙarasa. Ƙaro ya bi wannan hanya, ƙiraga da fatu suka bi, bandar kifin tafkin Chadi ta bi. Shanu kuwa kora su ake yi a ƙafa ta Gaidam da Gashuwa, suna kiwo suna shan ruwan kogi a hanya, su isa da ƙibarsu, a loda su a tarago zuwa Ikko. Ruwan da ke shayar da tattasanmu ma ta fadamun Haɗeja da Nguru yake biyowa kafin ya zama Komadugu, ya raba iyaka, ya zuba a tafki kusa da Bosso. Hanyar ruwa da hanyar kasuwa ɗaya ce a wurinmu tun fil azal.

Dattawanmu da suka yi wannan fatauci suna nan da ransu, kuma abin da suka fi tunawa ba girman ginin tashar ba ne, tsarinta ne. Akwai sikeli, akwai akawu mai rubuta lambar tarago a takarda ya miƙa maka, ka san ranar da kayanka za su tashi. Inda hanyar mutane ta ƙetare dogo akwai ƙyauren ƙarfe da ɗan ɗaki a gefensa, da ma'aikacin reluwe mai tuta biyu, ja da kore, da fitila idan dare ya yi. Tun jirgi na nesa yake ja ƙyauren ya rufe, ya tsaya a tsakiya da jar tuta. In garke ne ya iso, yakan ɗaga wa makiyayi hannu tun daga nesa ya tsayar da na gaba, don ya san saniya ba ta tsayawa da birki. Albashin wannan mutum bai taka kara ya karya ba, amma rayukan da ya tsare ba su ƙirguwa.

A 1964 dogo ya kai Maiduguri ta Bauchi da Gombe, mutanen Bosso da Gigime suka samu ƙofa ta biyu ta Damasak. Bayan haka abubuwa suka fara ja da baya. Gyaɗa ta mutu bayan farin shekarun 1970, kwalta ta yawaita, manyan motoci suka ƙwace lodi, hukumar jiragen ƙasan Najeriya ta yi ta rauni. Yau babu ɗan kasuwar da zai ƙulla ciniki yana dogaro da jirgin Nguru ko na Maiduguri. A wurare da yawa ƙyauren maƙetara ya ɓace, ɗakin mai tuta ya zama kango, an kafa rumfuna har kan ƙarfen dogon.

Muna roƙon mai girma Gwamna ya aiko wakili ya tsaya a kasuwar dabbobi ranar lodi, ya ga abin da ya maye gurbin tarago. Ana cusa bijimai a tirela kai da gindi, a ɗaure ƙahoninsu a jikin ƙarfe, a ɗora yara biyu ko uku a sama bisa katako. Aikin yaran nan dare da rana shi ne su hana kowace dabba kwanciya, domin wadda ta kwanta sauran za su tattake ta. In ɗaya ta durƙusa, yaro ya dira tsakanin ƙafafunsu mota na gudu, ya murɗa mata wutsiya har ta miƙe. Kwana biyu ko uku ke nan ba ciyawa ba ruwan kirki. Direba na riƙe da wuƙa kusa, saboda wadda ta galabaita gara a yanka ta a bakin hanya a sayar da naman a wulaƙance da a yi asarar ta mushe. A kowane shinge sai an tsaya an ba da wani abu. Duk wannan asara dillali ya riga ya lissafa ta, ya cire ta daga kuɗin da zai ba makiyayi a N'Guelbeli. Mu muke biyan kuɗin mutuwar jirgin da ba namu ba.

Manomin tattasai ya fi makiyayi shan wuya. Tun harin da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka rufe kasuwanni, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka taƙaita takin zamani. Mun fahimci dalilin hukuma, kuma mun yi biyayya, domin mu ne muka binne mamatan. An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi ya fi haka daɗewa. Amma hanyar Damasak zuwa Maiduguri ba ta koma yadda take ba. Buhun da a da yake ƙetare kogi ya isa kasuwa a yini ɗaya, yanzu sai ya yi dogon zagaye. Abin da ya rage mana shi ne hanya mai lamba ɗaya, wadda aka kawo har Gigime a shekarun 1970 da taimakon ƙasar Kanada. Tsakanin Diffa da Damagaram kusan kilomita 470 ne, zuwa Yamai sama da 1,300, rairayi na cin kwaltar a wajejen Gudumariya, damina na yanke ta. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, mun ga yadda jiha guda take zama in ƙofarta ɗaya ce.

Ba mu jahilci ƙoƙarin da ƙasarmu ta yi kan dogo ba. Tun 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa da Dahomey don jirgin da ya tsaya a Parakou, ba a ƙaraso da shi ba. A watan Afrilun 2014 aka ƙaddamar da aikin Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016, kuma har yau ba ya ɗaukar fasinja ko kaya, saboda bai haɗu da komai ba a kudu. A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Muna taya 'yan'uwanmu na Maraɗi murna da zuciya ɗaya. Sai dai daga Diffa zuwa Maraɗi kusan kilomita 700 ne. Nguru ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, kuma gadonta na nan a shimfiɗe, gyara take jira.

Akwai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, kuma gara mu faɗe shi a fili. Man da ake haƙowa a Agadem a cikin jiharmu yake. An ja masa bututu zuwa matatar Damagaram a 2011, sannan aka ja wani na kusan kilomita 2,000 har bakin teku a ƙasar Benin, cikin 'yan shekaru kaɗan. Wannan ya nuna mana cewa nisan Diffa ba ya hana aiki in an ga amfaninsa. Mai zai ƙare wata rana. Saniya da tattasai su ne suka riƙe mutanen nan kafin a gano shi, kuma yawancin gidajen jihar nan da su suke ci har gobe.

Kukanmu mafi girma, ranka ya daɗe, kan maƙetara ne, kuma shi ne wanda za a iya magancewa tun yanzu ba tare da kuɗi mai yawa ba. Sabon dogo ba irin na 1930 ba ne. Tsohon siriri ne, a ƙasa yake, jirginsa a hankali yake tafiya, garke na iya tsallake shi kusan ko'ina. Sabon mai faɗi ne, a kan tudun ƙasa da aka tara ake ɗora shi, jirginsa na da gudu, kuma a wurare da yawa akan kewaye irinsa da waya. Layin da ya taso daga kudu zuwa Maraɗi dole ya yanka burtalai da hanyoyin mashaya, kuma duk wanda za a ja nan gaba daga Maraɗi zuwa Damagaram ko gabas da ita zai gitta hanyar kowane garke da ke gangarawa kudu da rani ya hauro arewa da damina. Injiniya yakan auna maƙetara da faɗin mota. Kwalbatin da aka yi don ruwa ko don kura ba zai wuce da shanu ɗari uku masu dogayen ƙahoni ba. Saniya ba ta shiga rami mai duhu da son ranta, raƙumi da kayansa ba ya sunkuyawa. In garke ya iso ya tarar da waya, makiyayi zai bi gefenta yana neman kafa, kuma gefen nan gonar wani ce. Daga nan rigimar manomi da makiyayi take farawa, a zo ana neman mai laifi, alhali tun a takardar zane aka shuka ta.

Doka tana tare da mu a nan. Kundin dokokin karkara na 1993 ya san da burtali, kuma dokar kiwo ta watan Mayun 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi wanda hukuma za ta kare, ta kuma hana toshe hanyoyin dabbobi. Kwamitocin filaye na gundumomi suna da taswirar yawancin burtalan, an kafa musu duwatsun alama. Abin da muke nema shi ne a ɗora wannan taswira a kan ta masu dogo kafin a zuba ƙasa, a zauna da arɗo-arɗo da sarakunan Fulani da na Tubawa da Larabawa da masu garuruwan Manga, su nuna da yatsa inda dabba ke bi. A irin waɗannan wurare a yi mashiga mai faɗi da tsayi a ƙarƙashin dogo, wadda haske ke ratsa ta daga baki zuwa baki. Inda kuma hanyar mutane za ta haɗu da dogo a fili, a dawo da mai tuta da ƙyaurensa, a ba shi albashi. Allon gargaɗi da Faransanci ko Turanci bai isa ba ga yaron da ke bin tumaki. Ko a Ikko, inda ake da ma'aikata da masu karatu, jirgi ya murƙushe motar ma'aikatan gwamnati a wata maƙetara a Ikeja ranar 9 ga Maris 2023, mutum shida suka rasu. Ina ga daji, inda asibiti ke nisan yini?

Game da Nguru, mun san ba a hannunka take ba, ƙasar wasu ce. Amma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarta na Yamai, don irin wannan aka yi ta. Ita ta raini maganar hanyar kasuwancin Kano, Katsina da Maraɗi. Muna roƙo a kai mata maganar Kano, Nguru da Diffa da sunan jiharmu. Tun Maris na 2023 tsarin mulkin Najeriya ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, don haka gwamnonin Yobe da Jigawa suna da ta cewa, kuma na Yobe maƙwabcinka ne da kuke zama teburi ɗaya kan tsaro da ruwan kogi. A namu ɓangaren, a gyara hanyar da ta tashi daga Maine zuwa iyaka wajen Gaidam, a yi wurin lodin dabbobi mai rijiya da likitan dabbobi da ofishin duwan guda ɗaya, inda za a biya abin da doka ta ce a karɓi takarda, a wuce.

In kuma gwamnati na da shirin jan dogo zuwa gabas, muna son a karanta mana shi a rediyon jiha da Hausa da Kanuri da Fulfulde, mu san inda zai bi tun muna da damar magana. A shirye muke mu turo dattawanmu Diffa duk ranar da ka sa mana, tare da waɗanda suka san burtalan nan ɗaya bayan ɗaya daga N'Guelbeli har bakin kogi.

Allah ya ja zamaninka, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Mu ne naka masu biyayya,
a madadin makiyayan N'Guelbeli, manoman tattasai na kwarin Komadugu da fataken dabbobi na gundumar Maine Sorowa.