A Daina Ɗora wa Shaiɗan Jakar Tsaba

Mun gaji da jin "sharrin Shaiɗan ne" daga bakin ɗalibin da aka kama da satar amsa, da ma'aikacin da ya yi sama da faɗi da kuɗin hukuma. To, 'yan'uwa, mu duba yadda malaman Yahudawa suka toshe wannan kafa.

A Ibrananci, kalmar "satan" tana nufin abokin gaba ko mai kai ƙara. A Littafin Ayuba, babi na 1 da na 2, bai iya taɓa Ayuba ba sai da iznin Ubangiji. Wato a wurinsu bara ne, ba madugun 'yan tawaye ba. Jarabar saɓo kuwa suna kiranta yetsar hara, son zuciyar da ke ƙirjin kowane ɗan Adam. Resh Lakish, malamin ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan da son zuciya da mala'ikan mutuwa abu guda ne.

Amma ba su ce a kashe sha'awa ba. Talmud ya ba da labarin yadda aka tsare ta kwana 3, aka nemi sabon ƙwai a ƙasar duka aka rasa. In babu ita, babu mai gina gida, ko aure, ko fatauci. Linzami take bukata, linzamin kuwa a wurinsu Attaura ce.

Ba mu ce kowa ya bar addininsa ba. Cewa muka yi, hannun da ya shiga baitulmali na mai shi ne, shi kuma zai amsa. A kawo mana ɓarawo, a bar Shaiɗan ya huta!