Wakilan Kabara a majalisa: An san rijiyoyin da suka haƙa, ba a san ƙuri'un da suka kaɗa ba

Mazaunin unguwar Kabara, wadda ke dab da Gidan Rumfa a cikin ganuwar Kano, yana da wakilai uku da doka ta ce suna magana da yawunsa: ɗan Majalisar Dokokin Jiha mai wakiltar Birni da Kewaye, da ɗan Majalisar Wakilai na wannan mazaɓa, da kuma Sanatan Kano ta Tsakiya. A zaɓen 2023 Injiniya Sagir Ibrahim Koki ne ya lashe kujerar Majalisar Wakilai, Sanata Rufa'i Sani Hanga kuma ya ɗauki ta Majalisar Dattawa, dukansu a ƙarƙashin tutar NNPP. Idan aka tambayi ɗan kasuwar da ke fita daga Kabara zuwa Kurmi ko Kantin Kwari kowace safiya me waɗannan wakilai suka yi, zai iya lissafa fitilun kan titi masu amfani da hasken rana, da buhunan shinkafar azumi, da wanda aka samar wa aiki a wata hukumar tarayya. Amma idan aka ce ya faɗi yadda ɗaya daga cikinsu ya kaɗa ƙuri'a a kan dokar harajin da ta shafi shagonsa, sai ya yi shiru. Shirun nan ba jahilci ba ne. Bayanin ne ba a ajiye ba tun farko.

Yadda ake yanke hukunci a zaurukan majalisun Najeriya sananne ne ga duk mai kallon talabijin. Shugaba zai ce masu goyon baya su amsa, sannan masu adawa su amsa, ya saurari amon da ya fi ƙarfi a kunnensa, ya buga guduma. Takardar da ake fitarwa bayan zama tana nuna cewa an amince ko an yi watsi da ƙuduri. Ba ta nuna wa ya amsa da e, wa ya amsa da a'a, wa ya yi gum da bakinsa, wa kuma ya fice shan shayi. Sashe na 56 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce rinjayen mambobin da ke zaune suka kuma kaɗa ƙuri'a shi ke raba gardama, sai dai a aikace kunnen mai guduma ne ma'aunin rinjayen.

Mutanen Kabara sun ga abin da wannan ke haifarwa a ƙofar gidansu, ba sai an je Abuja ba. A watan Mayun 2019 Majalisar Dokokin Kano ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu. Da kotu ta soke ta, aka sake yin wata a Disamban shekarar. A ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar, wadda a lokacin NNPP ke da rinjaye a cikinta, ta rushe dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka mayar da Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya tare a gidan sarki na Nasarawa. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: jami'an tsaro a bakin fada, shari'a daga wannan kotu zuwa waccan, da hana hawan Sallah fiye da sau ɗaya, wanda asara ce ga masu dawaki da maɗinka da masu sayar da abinci a kewayen fadar. Mutum 40 ne kacal a wannan majalisa. Sau biyu a cikin shekara biyar sun juya makomar sarauta mai tarihin ɗaruruwan shekaru, kuma babu jerin sunayen da aka fitar wa jama'a mai nuna matsayin kowannensu. Wanda ya goyi bayan rabawa a 2019 ya kuma goyi bayan rushewa a 2024 yana iya shiga kowane taro ya ce shi daman bai taɓa yarda ba.

A matakin tarayya, dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya aika majalisa a Oktoban 2024 su ne misali mafi kusa da aljihun mai karatu. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna suka yi fatali da tsarin rabon harajin VAT da aka gabatar, malamai suka hau mumbari a kai, 'yan majalisar Arewa da dama suka yi ta shiga rediyo suna rantsuwar cewa ba za ta saɓu ba. Daga baya aka yi gyare-gyare: VAT ya tsaya a kashi 7.5 cikin 100, aka sauya ma'aunin rabo tsakanin jihohi, aka ɗauke harajin kuɗin shiga daga kan Naira 800,000 na farko a shekara. Majalisar Wakilai ta amince a Maris 2025, ta Dattawa a Mayu, Shugaban Ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yuni. Mai yiwuwa sulhun da aka cimma alheri ne ga Kano, mai yiwuwa kuma an yi wa jihar sakiyar da ba ruwa. Ko ma wane ne, Kano na da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, adadin da Legas kaɗai ke da irinsa, kuma ba a da takardar da za ta nuna nawa ne daga cikin 24 ɗin suka amince da wane sashe. Rashin tsayayyen rubutu ya kai ga cewa a Disamban 2025 Abdussamad Dasuki, wakili daga Sakkwato, ya miƙe a zauren ya yi ƙorafin cewa dokokin da aka buga a jaridar gwamnati sun saɓa da waɗanda majalisa ta zartar, har aka kafa kwamitin bincike.

Mafi muni shi ne inda tsarin mulki da kansa ya ambaci adadi. Da Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ranar 18 ga Maris 2025, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da majalisar jihar na wata shida, sashe na 305 ya buƙaci amincewar kashi biyu cikin uku na dukan mambobin kowace majalisa, wato 240 cikin 360 a ta Wakilai, 73 cikin 109 a ta Dattawa. Bayan kwana biyu majalisun suka amince da murya. Yadda kunne ke bambance amon mutum 240 da na 239 sai mai gudumar. Ga Bakano, wanda jiharsa ke fama da nata rikicin siyasa, wannan ba labarin nesa ba ne, domin hanyar da aka bi a Fatakwal tana nan a buɗe ga kowace jiha.

Akwai lokutan da aka kira suna, kuma abin da ya faru a cikinsu ya cancanci a tsaya a kai. Ranar 15 ga Yulin 2021 Majalisar Dattawa ta rabu a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Kwamitin majalisar ya ba da shawarar a bar wa INEC ikon yin hakan inda ya yiwu, Sanata Sabi Abdullahi na Neja ya kawo gyaran cewa sai Hukumar Sadarwa ta NCC ta tabbatar da wadatar layi kuma majalisa ta amince. Da gudumar Sanata Ahmad Lawan ta faɗa wa gyaran, shugaban marasa rinjaye Enyinnaya Abaribe ya dage a kira kowa da sunansa. Sanata 52 suka bi gyaran, 28 suka ƙi, 28 ba sa nan. Washegari jaridu suka buga jerin, sai Kanawa suka ga abin da ba su saba gani ba: Sanata Kabiru Gaya, shugaban kwamitin da ya kawo rahoton, ya kaɗa ƙuri'a saɓanin shawarar kwamitinsa, sunayen Sanata Ibrahim Shekarau na Kano ta Tsakiya da Sanata Barau Jibrin na Kano ta Arewa kuma suna cikin waɗanda ba su halarta ba. Kowannensu na iya samun hujjarsa, amma aƙalla an samu abin da za a tambaye shi a kai. Surutun da jerin ya tayar bai lafa ba har a watan Oktoba majalisar ta janye matsayinta ta mayar wa INEC ikon.

Haka aka gani a 2006. Shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Ken Nnamani, ya bari aka haska muhawarar tazarcen Obasanjo kai tsaye a talabijin. A ƙarshe da murya aka binne ƙudurin ranar 16 ga Mayu, amma kafin nan sanatoci sun miƙe ɗaya bayan ɗaya sun faɗi matsayinsu mutanen garinsu na kallo, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka lissafa a sahun masu goyon baya sun kasa furta hakan a gaban kyamara.

Masu kare ƙuri'ar murya suna da hujjar da ba za a raina ba. Sukan ce bayyana suna yana miƙa wuyan ɗan majalisa ga gwamna da fadar shugaban ƙasa, masu riƙe da tikitin takara. Zaɓen shugabannin majalisa na 13 ga Yunin 2023 ya ba su abin nuni. A Majalisar Wakilai, inda kowa ya miƙe ya ambaci zaɓinsa a fili, Tajudeen Abbas ya samu ƙuri'a 353, abokan takararsa biyu suka samu uku-uku. A Majalisar Dattawa, inda aka yi a asirce, Godswill Akpabio ya samu 63, Abdul'aziz Yari ya samu 46. Tazarar ta nuna cewa tsoro na aiki idan ido na kan mutum. Sai dai hujjar ta manta da abu guda: gwamna da shugaban jam'iyya ba sa buƙatar jarida kafin su san yadda yaronsu ya yi a zaure, suna da masu kai musu rahoto kafin a tashi zama. Wanda duhun ke ɓoye wa gaskiya shi ne mai shago a Kurmi da malamin makaranta a Shahuci. Zaɓen ya kuma tabbatar da cewa majalisa ta iya kiran suna 360 a rana ɗaya idan shugabanni na da bukata. Na'urar kaɗa ƙuri'a ma akwai ta, da ita aka yi aikin gyaran tsarin mulki ranar 1 ga Maris 2022, lokacin da aka kayar da ƙudurorin da suka shafi mata.

Da yake babu tarihin ƙuri'a, sai aka koma auna wakili da yawan ƙudurorin da ya gabatar. Ƙungiyoyi irin su OrderPaper da PLAC suna ƙoƙarin tattara waɗannan alƙaluma, kuma aikinsu na da amfani. Amma ma'aunin gurgu ne. Karatun farko ambaton sunan ƙuduri ne kawai, kuma kaso mai yawa na ƙudurorin neman kafa kwaleji ko asibitin tarayya ne a mazaɓar mai gabatarwa, waɗanda akasari ke mutuwa a kwamiti ko a teburin shugaban ƙasa. Wakilin da ya zauna a kwamiti ya hana a cusa wani sashe mai cutar da 'yan tireda bai gabatar da komai ba a wannan lissafi, wanda ya jera ƙuduri talatin da ba su je ko'ina ba kuwa shi ne gwarzon shekara a allunan kan titi.

Mazaɓar Birni da Kewaye ta san bambancin. Marigayi Ghali Umar Na'Abba, wanda ya wakilce ta daga 1999 zuwa 2003 ya kuma shugabanci Majalisar Wakilai, ba a tuna shi da rabon babura. Ana tuna shi da majalisar da ta tsallake ƙin sa hannun Obasanjo ta zartar da dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000, da wa'adin mako biyu da ta ba shugaban a Agustan 2002 ya sauka ko a tsige shi. Ya rasa kujerarsa a 2003, amma da ya rasu a Disamban 2023 masoyi da maƙiyi sun san inda ya tsaya, saboda kujerar shugabanci ta sa matsayinsa a fili. Sauran wakilai, ciki har da Sha'aban Ibrahim Sharaɗa da ya riƙe mazaɓar daga 2019 zuwa 2023, an fi sanin su da rigingimun jam'iyya da ayyukan mazaɓa fiye da abin da suka amsa a zaure, kuma tsarin ne ya so haka.

Hatta halartar zama haka take. Sashe na 63 ya wajabta wa kowace majalisa zaman kwana 181 aƙalla a shekara, sashe na 68 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba ya rasa kujerarsa. Rajistar tana hannun akawun majalisa, ba a liƙa ta inda mai zaɓe zai gani. Kiranye kuwa, wanda sashe na 69 ya tanada, yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa, kuma yunƙurin da aka yi a kan Dino Melaye a 2018 da Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025 duk bai kai ko'ina ba.

Gyaran bai buƙatar taɓa tsarin mulki ko jiran sa hannun kowa. Sashe na 60 ya ba majalisun tarayya ikon tsara ƙa'idojin zamansu, sashe na 101 ya ba na jihohi irin wannan iko. Layi ɗaya a cikin ƙa'idojin, cewa duk dokar da ta shafi haraji ko bashi ko kasafi ko masarauta sai an kira suna a karatu na uku an kuma buga jerin, ya wadatar. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, 'yan takara za su bi ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Kurmi da na ma'aikata suna neman goyon baya, kuma waɗannan ƙungiyoyi na da ƙarfin da za su sa wannan sharaɗi a kan tebur tare da buƙatunsu na wuta da hanya. A Majalisar Dokokin Kano, kiran suna 40 ba zai ci rabin sa'a ba.